Mai Kai Gaisuwar Onarabul

Karo na uku ke nan Sirajo yana hawa surin da ke bayan masallaci yana ɗaga waya sama. A duk Tsamiyar Ilu nan kaɗai ake samun layi, shi ma sai da sa'a, don sau da yawa na Nijar ne ke riga cafke wayar, ya aiko maka da maraba cikin Faransanci alhali ba ka bar garin ubanka ba. Wannan karon ta shiga. Abdulganiyu, mai riƙe wa Onarabul waya da jaka a Dutse, ya ɗauka ya ce direba na wanke mota, yanzun nan za su taso. Da ƙarfe tara ma haka ya ce. Yanzu sha ɗaya saura. Sirajo ya sauko yana tunanin ko tirela ake wankewa.

Yau kwana uku da rasuwar mahaifinsa, Malam Habu magini. A al'adar garin, addu'ar uku da hantsi ake yin ta, a raba gumba, kowa ya saɓa fartanyarsa, musamman yanzu da ake tsakiyar maimai, noma na biyu, ciyawa ba ta san an yi mutuwa ba. Amma yau an riƙe addu'ar. Liman na zaune, mai unguwa na zaune, mazan gari kusan sittin na ƙarƙashin rumfar da aka ɗauko haya daga Gumel, sun jingine fartanyoyinsu a bangon zaure. A tsakiya an ajiye kujera mai katifa da aka aro daga ofishin hedimasta. Onarabul ake jira. Sirajo ne ya ce zai zo.

Shekara bakwai ke nan aikin Sirajo ɗaya ne. A takarda shi jami'in hulɗa da jama'a ne na ofishin mazaɓa. A zahiri kai gaisuwa yake yi. Onarabul na majalisar dokoki a Dutse yana wakiltar jama'a, shi kuma yana gida yana wakiltar Onarabul. A jami'a a Kano kimiyyar siyasa ya karanta, har ya rubuta kundi guda a kan ma'anar wakilci, aka yaba. Sai da ya kama aiki ya gane ma'anar: babur ne, da farar babbar riga ɗaya a ninke cikin leda a ɗaure a bayansa. Kowace safiya shugabannin gundumomi kan tura sunayen waɗanda suka kwana a lahira, Abdulganiyu ya tace ya turo masa. Ya je, ya sa rigar a bayan gari, ya yi sallama, ya durƙusa, ya yi jawabi, a ɗauki hoto don shafin Onarabul, ya tashi. Minti bakwai, in ba liman mai dogon numfashi ba ne.

Ya yi gaisuwa a ƙauyukan bakin iyaka inda rabin masu zaman makokin a Nijar suke zaɓe. Ya yi a rugagen da ba su san akwai majalisa ba. Akwai tsofaffin da suka mutu suna zaton shi ne Onarabul ɗin, daga baya ya je gaisuwarsu. Rijiyar burtsatse ba ta zo ba, kwalbatin hanyar kasuwa yana nan yadda ruwan bara waccan ya bar shi, amma a gundumomi goma na mazaɓar nan ba wanda ya isa ya mutu majalisa ba ta ji ba. Har abin ya zama ma'auni. Gidan da aka yi rashi ba a ga farar rigar ba, sai an yi shekara ana yi musu gori da shi.

Ranar da Malam Habu ya cika, Onarabul da kansa ya kira. Ya ce wannan ba ta aike ba ce, ranar uku da ƙafarsa zai tako. Sirajo ya fi kowa sanin nauyin alkawarin Onarabul, tunda shi ke rarraba shi gida-gida. Amma mutum in ubansa ya mutu yakan yi wauta. Ya faɗa wa yayansa Ilu, a gaban mutane.

Ilu na zaune a kan tabarmar masu karɓar gaisuwa, ƙafafunsa a miƙe, duk faso. Shi aka bari a gona lokacin da aka kai Sirajo boko, bai taɓa yin ƙorafi ba, bai kuma taɓa mantawa ba. Da Sirajo ya dawo ya zauna kusa da shi, bai dube shi ba ya tambaya ko an gama wankin. Sirajo ya ce an kusa. Ilu ya ce madalla, tsafta tana da kyau.

Can aka ce Goggo na kira. Goggo Zinariya ƙanwar marigayi ce, ita kaɗai ta rage a ɗakinsu. Ya same ta a gindin turmi, ƙwaryar gumba a gabanta an rufe da faifai, mata sun yi shiru don su ji. Ta ɗaga faifan ta ce ya sansana. Gumbar ta fara tsami.

Ba ta ɗaga murya ba. Ta tuna masa cewa sa'ad da ran Habu ke fita a asibiti, shi yana can wani gari yana ba 'ya'yan wani haƙuri, da ƙyar ya riski sallar gawa. Ta ce ba ta riƙe shi ba, aiki ne, kowa da inda abincinsa yake.

"Ni ban san Onarabul ɗinka ba," in ji ta. "In ya shigo nan sai an nuna mini shi. Amma ka zaunar da gari guda a kan sunan yayana. Habu bai taɓa sa mutum ya jira shi ba. Ko gini ya ce ranar Talata, to Talata ce."

"Suna hanya, Goggo."

"Kai ka gan su?"

Ya juya ya fita.

Da rana ta take ya sake hawa surin. Abdulganiyu ya ce ai har sun wuce Gujungu. A bayan muryarsa Sirajo na jin ƙarar cokula da faranti, da wani yana neman a ƙara masa miya. Ya san yaren, don shi ma yana yin sa. "Muna shirin tasowa" na nufin ba a tashi daga barci ba. "Mun wuce Gujungu" na nufin maganar tana nan a zuciya. Da za a zo da gaske, da tun jiya an turo masu duba inda za a ajiye motoci.

Duk da haka da ya dawo ya ce wa mai unguwa sun wuce Gujungu. Mai unguwa ya lissafa da yatsa ya ce ashe kafin azahar suna nan, aka gyara zama. Wani ya kakkaɓe kujerar. Wani dattijo ya fara tsara yadda zai kawo maganar kwalbati ba tare da ya ɓata zaman makoki ba, aka yi ta ba shi shawara.

Aka kira azahar, aka yi, aka dawo. Inuwar rumfar ta goce ta bar rabin mutane a rana. Hadari ya fara haɗuwa a gabas, manoma suna satar kallonsa. Waɗanda gonarsu ke nesa suka fara zamewa ɗaya-ɗaya, kowa ya yi kamar zai kewaya, sai ka ga fartanya ɗaya ta ragu a bango. Liman, wanda ciwon suga ke damunsa, ya aiko a hankali a tambaya ko akwai labari.

Wajen biyu da rabi yana kan surin wayar ta yi ƙara da kanta. Lambar Onarabul ce. Daga rumfa kowa na hango shi, suka ga ya cire hula ba tare da ya sani ba.

Onarabul ya fara da addu'a ga marigayi, mai tsawo, mai kyau. Sannan ya ce wallahi ƙafarsa ɗaya na cikin mota aka kira zaman kwamiti na gaggawa, kuma Sirajo ya san yadda Dutse take a 'yan kwanakin nan, in ka tashi daga kujerarka ka dawo ka tarar da wani a kai.

"Ranka ya daɗe, mutane na zaune tun safe. An riƙe addu'a."

"Subhanallahi. To ai kana wurin. Ka wakilce ni."

Sirajo ya waiwaya ya dubi rumfar.

"Ranka ya daɗe, mahaifina ne."

"Na sani mana, Sirajo. Ai shi ya sa. Wa zan tura da ya fi ka kusa da ni? Ka faɗa musu abin da ka saba faɗa, ka ƙara masa nauyi. Ka ce na yi kuka."

Ba da mugunta ya faɗa ba, abin da ya fi gajiyar da Sirajo ke nan. Mutumin ya yi imani karramawa ya yi. Bai sauko daga surin ba saƙon Abdulganiyu ya shigo: a turo hoto kafin la'asar.

Ya tsaya a bayan masallaci ya duba abin da ya rage masa. Yana iya zuwa ya ce Onarabul ba zai zo ba, a yi addu'a a watse. Daga nan Malam Habu magini ya zama mutum ɗaya tak cikin shekara bakwai da ya mutu a mazaɓar nan majalisa ba ta ce uffan ba, kuma ɗansa ne mai kai gaisuwar. Za a faɗa a kasuwar Maigatari ranar Alhamis, za a faɗa a tasha. Ba shi da wanda zai zarga, shi ya koya wa mutane wannan lissafin, a kan babur, gida-gida.

Babur ɗin na jingine a gindin darbejiya. Ya kwance ledar. Kwana uku rigar na ninke, ta yi layi-layi. Ya zura ta a kan kaftanin da yake zaman makoki da shi, ya gyara hula, ya kewaya ta bayan gidaje ya ɓullo ta bakin hanya, inda baƙi ke shigowa.

Ya yi sallama. Aka amsa, don sallama dole a amsa ta. Ya tuɓe takalmi a bakin tabarma, ya wuce kujerar hedimasta, ya durƙusa gaban Liman da Ilu.

"Mai girma ɗan majalisa mai wakiltar wannan mazaɓa ya so ƙwarai ya zo da kansa," ya ce, "aikin jama'a ya riƙe shi. Ya ce in isar da ta'aziyyarsa ga iyalai da 'yan uwa da dukkan al'ummar Tsamiyar Ilu. Ya ce wannan rashi ba naku ne ku kaɗai ba."

Kalmomin suna fita da kansu, kamar jakin da ya san hanyar gida. Ya faɗe su sau fiye da dubu bai taɓa sauraronsu ba. Yau ya ji su. Da ya kai inda yakan ce marigayi uba ne ga kowa, sai ya tsaya. Ya zuba wa saƙar tabarma ido. A nan yakan ɗan dakata dama, don mutane su ce Allahu Akbar, saboda haka suka ce. Ya ƙarasa. Maganar kuka ce kaɗai ya bari.

Ilu ya daɗe yana dubansa. Sannan ya tanƙwashe ƙafafu, ya amsa yadda ake amsawa: sun gode, Allah ya ba da lada, Allah ya bar zumunci, a gaishe da Onarabul. Liman ya ɗaga hannu da sauri. Aka yi wa Malam Habu addu'a, aka shafa, aka fito da gumba, kowa ya karɓa ba wanda ya ce komai game da ɗanɗanonta. Dattijon nan ya matso ya kawo maganar kwalbati, tunda ya riga ya tsara ta. Sirajo ya ce za a duba.

Hedimasta ne ya ɗauki hoton. Farar riga a dama, Ilu a hagu, hannu cikin hannu. Ya fito da kyau.

Mutane suka kwashi fartanyoyinsu suna sauri kafin ruwa. Sirajo ya miƙe bai san inda zai nufa ba. Sai Ilu ya miƙe shi ma, ya sa takalmi, ya ce bari ya taka masa. Ba a barin baƙo ya tafi ba rakiya.

Suka tafi a jere, suka wuce zaure, suka wuce masallaci, har bakin hanya inda ake tsayawa. Iska ta fara kaɗa ganyen gero. Ilu ya miƙa masa hannu, ya ce ya sauka lafiya. Ya juya ya yi taku biyu, sannan ya waiwayo.

"In ka gamu da ƙanena Sirajo a hanya," ya ce, "ka gaya masa babansa ya rasu. Muna gida muna jiransa."