Duhun Gefe Ɗaya

"Ba laifin wankina ba ne," in ji mai wankin hoto, yana turo mata ambulan ta saman teburin shagonsa. "Haka fim ɗin ya zo."

Uwar Biyu ta zaro hotunan tana murmushi, sai murmushin ya daskare mata a fuska. Ga maƙwabcinta Baba Tsaya-Cak zaune a kujerarsa a tsakar gida, hula a karkace, rabin fuskarsa tas da haske. Ɗaya rabin kuwa duhu ya cinye shi. Ya taso daga bakin takardar, ya haɗiye kafaɗa da kunne, ya zo ya tsaya a kan hancinsa. Ta duba na biyu, haka. Na uku ma haka. Kuma gefen hagunsa ne, wanda ya shanye tun ranar da ciwon ya kayar da shi.

Dama Uwar Biyu mace ce da ko ƙadangare ya faɗo daga rufi sai ta nemi fassararsa, balle wannan. Ta cusa ambulan a jaka, ta fita ko sallama ba ta yi ba.

Babu gidan da ba shi da hoton da tsohon nan ya ɗauka a unguwar. Sunansa ma daga aikin ya samo shi, don kullum sai ya ɗaga yatsa ɗaya ya ce "tsaya cak!" kafin ya danna. Amma shi kansa, ko na katin shaida ya ɓata, babu hotonsa ko ɗaya a duniya. Da aka sallamo shi daga asibiti ba tare da sabon magani ba, matarsa Inna ta shigo ɗakin ɗinkin Uwar Biyu, wanda bango ɗaya ya raba da nasu, ta ajiye mata tsohuwar kyamarar a kan keke.

"Hannuna rawa yake yi, 'yar nan," ta ce a hankali. "Ki ɗaukar mini shi. Ina so in riƙa ganinsa."

Ba ta ce bayan me ba, Uwar Biyu ma ba ta tambaya ba.

Yanzu ga abin da ya fito. Ta tura ambulan ƙarƙashin tarin yaduka, Inna na tambaya tana cewa mai wanki bai gama ba. Ɗinki ya gagare ta. Tari ɗaya in tsohon ya yi ta bayan bango, ƙafarta ta tsaya a kan keke har sai ta ji na biyu. A ranta ta riga ta yanke cewa kyamarar ta hango abin da ke tafe, kuma ita ce da hannunta ta buɗe masa ƙofa.

Sai dai wanda ya ƙare rayuwarsa yana kallon fuskoki ba a yi masa ƙarya da fuska. Ranar da ta leƙa gaishe shi, ya dube ta da idonsa mai lafiya.

"Kawo su," ya ce. Maganar na fita a karkace, amma ana ganewa.

"Baba, ai bai..."

"Uwar Biyu. Kin shigo kina kallon haguna kamar kura na zaune a wurin. Kawo su."

Ta je ta kawo. Inna ta leƙa ta kafaɗarsa, ta dafe ƙirji ta fara salati. Shi kuwa ya baza hotunan a kan bargo da hannunsa na dama, yana kallo ɗaya bayan ɗaya, har ya saki wata 'yar dariya da ta koma tari.

"Matsorata biyu a ɗaki ɗaya. Zo nan, tela. Wannan wane ne?"

"Igiyar shanya ce, Baba. Kuskure na yi na danna."

"Ita ma igiyar, shanyewar jiki take yi? Ga duhun nan a gefenta." Ya tura mata wani. "Wannan fa, ya kika riƙe kyamarar?"

"A tsaye."

"Ina duhun ya koma?"

Ta duba. A wannan fuskarsa cikakkiya ce amma ta kauce ta yi dishi-dishi, duhun kuwa ya kwanta a ƙasa, ya rufe ƙafafunsa.

"To kin gani. Ba ni yake bi ba, kyamarar yake bi. Da haske ne ke satar shiga ta murfi, fari za ki gani, ba baƙi ba. Buɗe bayanta."

Ya sa ta buɗe, ta saita ta ga taga, ta kara ido ta danna. Wani siririn haske ya gilma, ya mutu kafin ya kai ƙarshe.

"Labule biyu ne a ciki," ya ce. "Na farko ya buɗe ya ruga, na biyu ya biyo shi yana rufewa. Na farkon ya tsufa, mai ya bushe masa, sai na bayan ya cim masa tun bai kai bango ba. Ni da ita ciwonmu ɗaya."

"Daina wannan magana," in ji Inna.

"Murɗa wancan ƙarfen na sama, ki rage mata gudu. In an ba ta lokaci, tana buɗewa duka."

Uwar Biyu ta murɗa, ta danna. Taga ta bayyana gaba ɗayanta, kusurwa zuwa kusurwa, sannan ta rufe. Ta sauke ajiyar zuciya har kafaɗunta suka sauka.

"Kar ki yi murna tukuna," ya ce. "In ta daɗe a buɗe, dole wanda ake ɗauka ya tsaya cak. Motsi kaɗan, sai ki ga hayaƙi." Ya kalli hannunsa na dama da ke karkarwa a kan bargo. "Kuma naɗin fim ɗaya ya rage a gwangwanina. Irinsa ba a samu yanzu."

Tsoron da ya fita ta ƙofa sai ya dawo mata ta taga. Kullum jikinsa ƙara sauka yake, karkarwar na ƙaruwa.

Washegari da hantsi suka tallabo shi, ita da Inna, suka zaunar da shi a bakin ƙofa inda inuwa take da haske. Uwar Biyu ta jawo teburin yankanta ta ɗora kyamarar, ta tokare ta da dutsen guga. Inna ta gyara masa hula, ya mayar da ita a karkace. Ta koma ta tsaya bayan Uwar Biyu.

Uwar Biyu ta danna, kansa ya girgiza. Ta sake, tari ya zo. Ta sake, numfashi ya ɗaga kafaɗarsa. Lambar da ke saman kyamarar na ta hawa, gumi na bin bayanta. Ba ta taɓa sanin mutum na motsi haka ba ko yana zaune.

"Saura nawa?" ya tambaya.

"Ɗaya, Baba."

"To bari in huta."

Ya jingina kai, ya lumshe ido. Suka jira. Wata kaza ta ratsa tsakar gidan. Can ya buɗe ido, ya dubi wajensu.

Inna ta ɗaga yatsa, tana kwaikwayon muryarsa ta da. "Kai, tsoho. Tsaya cak!"

Ya tsaya. Uwar Biyu ta danna, ta ji labulen ya buɗe, ya jima, ya rufe.

"Yauwa, Baba! Wannan kam ta yi!" Ta ɗago tana dariya.

Bai amsa ba. Hannun da ke karkarwa ya kwanta a cinyarsa shiru.

"Malam?" in ji Inna. Ta taka ɗaya. "Malam?"

Uwar Biyu ba ta san lokacin da ta zube ƙasa ba, tana jin salatin Inna kamar daga wani gida.

Bayan an watse daga zaman makoki, fim ɗin ya daɗe a jakarta kafin ta iya kai shi wanki. Tambaya ɗaya ce ta hana ta sukuni, ba ta kuma iya faɗa wa kowa ba: lokacin da ta danna, yana nan ko ya riga ya tafi? Idan ya tafi, me za ta miƙa wa Inna ta rataya a bango?

Mai wankin hoto ya turo ambulan yana sunkuyar da kai. "Duk sun yi hayaƙi, sai ɗaya. Allah ya jiƙansa, shi ya koya mini aikin nan."

Ta leƙa tun a hanya, ta yi da-na-sani. Haske daidai daga baki zuwa baki, babu duhu ko kaɗan. Kowane zaren hularsa a bayyane, kowane gashin gemu. Mai rai bai cika tsayawa haka ba. Ta so ta yaga shi, ta kasa. Da ta shiga gida Inna na zaune a bakin ƙofa, kusa da kujerar da babu kowa, ta riga ta miƙo hannu.

"Inna, ina jin tsoro," ta ce. "Ina tsoron ko na makara ne."

Inna ta karɓa, ta matsa cikin haske, ta kai hoton kusa da idonta. Ta daɗe tana kallo. Idonsa ba kyamarar yake duba ba, ya ɗan kauce sama, daidai inda ta tsaya. Sannan kallonta ya sauka kan cinyarsa, ta yi wata 'yar dariya hawaye na zuba.

"Ke tela ce ba ki ga wannan ba? Duba hannunsa."

Uwar Biyu ta sunkuya. Hannun dama na kwance, kowace jijiya a fili. Amma yatsa ɗaya, manuniya, ba ta fito sosai ba. Ta ɗan tashi daga kan rigar, ta bar siririn hayaƙi a bayanta.

"Rama mini yake yi," in ji Inna.

Ta goge hoton da gefen mayafinta, ta jingina shi a kan kujerar, fuskarsa na duban tsakar gida. Ya ɗan zame, ya karkace. Uwar Biyu ta kai hannu za ta gyara, Inna ta riƙe mata wuyan hannu, suka bar shi haka.