Rawar Zalɓe

Ranar da za a fara haska fim ɗin Auta, Umma da kanta ta goge wa mijinta kaya, don tela ne, kuma tela ko ya bar keke ba ya yafe karin guga a inda bai dace ba. Auta shi ne ɗansu na ƙarshe, mai zanen katun a wani kamfanin finafinan yara. An daɗe ana tambayar Umma aikin ɗanta tana kame-kame, yau ga shi kowa zai gani da idonsa.

Fitar ma kanta abin murna ce. Tun da shanyewar ɓarin jiki ta kama Tela bara, ya rantse babu mai ganin sa yana jan ƙafa. Mutum ne da in wuyan riga ya ɗan karkace sai ya farke ɗinkin gaba ɗaya. Likitar da ke gasa masa ƙafa kuwa ta faɗa wa Umma ba ɓoye-ɓoye: in ya daina takawa ƙafar za ta sandare, daga nan sai kujera. Sai gidan kaf suka haɗa baki. Duk sanda ya tako daga ƙofar ɗaki zuwa bakin kicin, Umma za ta ce, "Wallahi Malam, in ba faɗa wa mutum aka yi ba, ba zai gane ba." Ƙarya ce, ta kuma san ƙarya ce, amma ita ta tashe shi daga gado.

Sun shiga silimar da wuri, tun kujeru na wayam, suka zauna a bakin layi, Umma a tsakanin mijinta da ɗanta. Can yara suka cika wurin da iyayensu, ana ta ƙarar ledar gugguru. Labarin wata 'yar tsako ce da ke son koyon rawa, tana bin dabbobi ɗaya bayan ɗaya kowa na koya mata tasa. Umma ta saki jiki, har tana taɓa Auta da gwiwar hannu tana tambayar ko shi ya zana kunnen jakin nan.

Sai ga wani tsohon zalɓe ya fito daga cikin ciyawa, kiɗa ya canza. Ya naɗe fiffiken hagu a ƙirji. Ya ɗaga kafaɗar dama, ya wurga ƙafar hagu waje ta zagayo kafin ta dira, sannan ya tsaya ya gyaɗa kai kamar mai gode wa kansa. Silima ta ɗauka da dariya. Umma kuwa jakarta ta zame daga cinyarta ba ta sani ba. Wannan takun ta fi kowa sanin sa a duniya, kullum safiya tana biye da shi da hannuwa a buɗe kar ya faɗi. Har gyaɗa kan nan ba a bari ba.

Ta juya wajen Auta. Ya kafe allon da ido kamar bai san tana kallon sa ba.

"Auta," ta ce ƙasa-ƙasa, "wane ne wancan?"

"Umma, ki bari sai mun je gida."

"Na ce wane ne?"

Ya matso da bakinsa kusa da kunnenta. "Haka aikinmu yake, Umma. Sai an ɗauki motsin mutum na gaske a bidiyo, sannan mu ɗora zane a kai. An rasa rawar da za a ba zalɓen, ni kuma ina da bidiyon Baba a waya, wanda nake tura wa likita. Gwaji kawai na yi. Darakta na gani ya ce shi ke nan, an samu."

"Ba ka ce masa ubanka ne ba?"

"Na ɗauka tunda tsuntsu ne babu mai ganewa."

Da ba cikin mutane suke ba, da ta kwaɗa masa mari, gemunsa da komai. Amma abin da ya fi tayar mata da hankali yana zaune a hannun damanta. Tela dariya yake, irin wadda rabon ta da jin ta tun kafin ciwon, har yana share hawaye da hannunsa mai lafiya. Bai taɓa ganin tafiyarsa ba, ta ina zai gane ta?

"Ja'irin yaro," ya ce yana haki. "Ina ya samo wannan shegantakar? Ki ga ƙafar don Allah."

Zalɓen ya sake fitowa, ya kuma fitowa, a ƙarshe dabbobin duka suka jeru a bayansa suna rawarsa. Umma ba ta san yadda labarin ya ƙare ba. Dabara ɗaya take juyawa a ranta: su zauna har kowa ya watse, Auta ya kawo mota ƙofar baya.

Fitilu na kamawa Tela ya dafa sandarsa ya miƙe.

"Malam, mu ɗan jira cunkoso ya ragu."

"Jiran me? Ɗana ya yi abin kirki, yau cikin mutane zan fita da ƙafata. Ba ke kika ce ba a ganewa ba?"

Ta tashi ta bi bayansa.

A farfajiyar silimar yara sun riga sun fara, kowa ya naɗe hannu a ƙirji yana wurga ƙafa. Wata 'yar yarinya mai riƙe da balan-balan ce ta fara hango shi. Ta ja rigar uwarta ta ce, "Mama, kalli, kakan nan ya fi kowa iyawa." Ta ruga ta tsaya a bayansa, wasu suka biyo ta, kafin Umma ta kai hannu layi ya yi tsawo. Iyaye suka ja gefe suna tafi, wayoyi suka tashi sama. Babu mai mugun nufi a cikinsu, abin da ya fi ƙona wa Umma rai ke nan, don babu wanda za ta zaga.

Tela ya ɗauka an gane shi ne uban mai zanen. Ya yi murmushi, ya gyaɗa musu kai. Yaran duka suka gyaɗa kai, wurin ya sake fashewa da dariya. Sai yarinyar ta wuce gabansa don ya ga ta iya, hannu a ƙirji, kafaɗa sama, ƙafa na zagayowa.

Ya tsaya. Layin ya tsaya. Ya sunkuyar da kai, ya ɗaga ƙafar hagu a hankali yana kallon ta, ta fita waje, ta zagayo, ta dira. Ya waiga ya ga ƙananan ƙafafu suna yin haka a bayansa. Murmushin ya bar fuskarsa. Bai kalli Auta ba, matarsa ya kalla.

"Haka nake tafiya?"

Kalmomin nan na kullum suna bakinta, amma suka ƙi fita. Hawaye kawai ta ji suna sauka.

"Tun yaushe?" ya ce.

"Malam, mu je gida."

"Kaka, ci gaba mana," in ji yarinyar.

Daga inda yake zuwa ƙofar fita ba nisa, bai kai tsakanin ɗakinsa da kicin ba. Tela ya dubi ƙofar, ya dubi wayoyin da ke jiran sa. Ya miƙa wa Umma sandar, ta karɓa ba tare da ta san dalili ba. Sannan ya ɗaga hannunsa mai lafiya wajen ɗansa, kamar yadda yaro ke yi in ya gaji.

"Zo ka ɗauke ni," ya ce.