Na'urar da Aka Ɗaga Sama

Ma'aikacin agaji ne ya kawo na'urar, 'yar ƙarama kamar tafin hannu, ya kafa ta a ɗakin ƙarƙashin bene inda mutanen gidan ke ɓuya in jirage sun taso. Ya ce akwai ɗan ruwan magani a cikinta, da iska mai guba ta taɓa shi sai ya tada wuta, na'urar ta fasa kuka. Daidai gwiwa ya ɗaura ta. Lokacin da yake faɗin dalili, Tela, wata mai ɗinki a gidan, tana waje tana rarrashin 'yarta 'Yar Lele, ba ta ji ba.

'Yar Lele kuwa ta samu abin wasa. Tana rarrafawa sai wajen koriyar fitilar na'urar, ta lasa, ta ja waya.

"Kishiyata za ta cinye mana mai gadi," in ji Kaka, uwar mijin Tela, tana dariya. Ta dubi Tela. "Ke 'yar nan, ina aka taɓa ajiye abu mai daraja a ƙasa? Ɗaga shi."

Tela ba ta yi musu ba. Haka ta saba yi da almakashi, da allura, da kwalbar magani. Ta taka kujera ta buga ƙusa kusa da silin, ta rataye na'urar, hankalinta ya kwanta.

Ranar da abin ya faru, da azahar ne. Bayan ƙarar jirage kowa ya gangara ƙasa. Kaka ta shimfiɗa tabarma ta kwanta, jikarta a ƙirjinta. Tela na tsaye tana rage tsawon wani siket da hannu, sai ta ji tari a bayanta, siriri, kamar na kyanwa. Ta ɗaga kai: fitila koriya shar. Ta ci gaba da ɗinki.

Sai da ta sunkuya ɗaukar zare idonta ya yi yaji. Gubar nauyi gare ta, ƙasa take bi kamar ruwa, ta daɗe kwance a kan masu barci.

Tela ta ƙwala ihu: "Ku hau sama! Sama!"

Kaka ta kasa tashi. Ta miƙa yarinyar da hannu biyu iya tsawonta.

"Karɓi, tafi. Ina bayanki."

Tela ta kai tsakiyar matakala kafin na'urar ta fara kuka.

Kaka ba ta biyo ba. 'Yar Lele ta fito daga asibiti da ƙirji mai fito, ko dariya ta yi sai ta tsaya neman numfashi.

Da suka dawo gida, Tela ta sauka ɗakin ta zare ƙusar. Ta durƙusa ta auna da gwiwarta, ta mayar da na'urar tsohon gurbinta. Yarinyar ta rarrafo tana huci, ta kai baki kan fitilar.

Wata maƙwabciya ta ce, "Maman 'Yar Lele, za ta ɓata ta fa."

"Bar ta," in ji Tela. "Inda hancinta yake, nan za ta zauna."