Mai Zarto da Ɗakin Yaya

Wata goma sha huɗu ke nan ɗakin Yaya babu kowa a ciki, kuma mai walda bai taɓa wuce ƙofar bai leƙa ba. Kewar yayarsa yake yi, kewa mai hana cin abinci. Ita ta raine shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, ita ta kama hannunsa ta kai shi koyon sana'a. Da ciwon ƙwaƙwalwa ya kama ta, ta fara bin titi ba takalmi tana hira da mutanen da babu su, shi ne ya haɗa sarƙa da hannunsa, ya kafa ƙarfe a bango, ya ɗaure mata ƙafa. Wai don kada mota ta buge ta. Da wannan wai ɗin ya rarrashi kansa har shekara biyu.

Sai wata mata ta zo. Mai Zarto ake ce mata, don zarton yankan ƙarfe ba ya rabuwa da jakarta. Gajeriya ce, tabaraunta ɗaure da zare, muryarta ba ta tashi sama ko ana faɗa da ita. Tana da cibiya a bayan tashar mota, inda masu irin wannan ciwo suke ganin likita, su sha magani a kan lokaci, su koyi ɗinki da gyaran takalmi. Ranar da ta shigo gidan, ko kallon mai walda ba ta yi ba. Ta durƙusa a kan simintin da shi kansa sai ya toshe hanci yake takawa, ta gaida Yaya, ta ce, "Baiwar Allah, kin yarda in yanke?" Sai da Yaya ta gyaɗa kai sannan ta sa zarto. Ta fi rabin awa tana gogawa, gumi na ɗiga daga haɓarta. Ya ce bari ya ɗauko injinsa a gama yanzun nan.

"Ƙararsa za ta firgita ta," in ji ta, ba tare da ta ɗago ba.

Da ta gama yanke sarƙar, ta tafi da Yaya cibiyarta. Tun daga ranar ba shi da gwana sai Mai Zarto. In ta fara magana a rediyo kan haƙƙin masu ciwon ƙwaƙwalwa, kashe inji yake yi ya tsaya da safar hannunsa, abokan aiki suna tsokanarsa, "To, a yi shiru, uwar ɗakinsa ta fara!" Gadaje shida ya haɗa wa cibiyar da ƙofar shiga. Amma fa kullum a bakin ƙofa yake sauke kaya ya juya. Kunyar haɗa ido da Yaya ta hana shi shiga, sai dai ya tsaya a waje yana sauraron ƙarar kekunan ɗinki, yana cewa ko wannan ne nata.

Da ya ji an ce ta samu sauƙi sosai, sai ya faɗa wa ɗakin da aiki. Ya tumɓuke ƙarfen bangon, ya cike ramin, ya shafa shuɗin fenti, ya faɗaɗa taga. Matarsa ta ɗinka labule. Ya sa aka rubuta takarda cewa dangi sun shirya karɓarta, shi da kawunsu suka sa hannu. Ya wanke baƙin mai daga farcensa, ya nufi cibiya.

Mai Zarto na jera ƙwayoyin magani a ƙananan kofuna. Ta karanta takardar har ƙarshe, ta miƙa masa abarsa.

"Sannu da ƙoƙari, mai walda. Ita ka tambaye ta?"

"Ai gida ne, ranki ya daɗe. Wa zai ƙi gida?"

"Mu a nan ba ma miƙa mutum ga danginsa kamar kayan ajiya. Ita za ta faɗa. Tana ɗakin ɗinki, ƙofa ta biyu."

Kai, wannan mata! Ya kawo sa hannun maza biyu, ta aike shi neman bakin mace ɗaya. Haushi ya ɗan taso masa, amma kafin ya kai ƙofa ta biyu ya gane ita ce da gaskiya.

Yaya na kan keke kusa da taga. Kumatunta sun ciko, furfura ta ƙaru a gaban goshi. Ta ɗago ta dube shi ta saman tabarau.

"Auta, kai ne? Ka rame. Matar taka ba ta ba ka abinci ne?"

Ya tsuguna a gabanta. Ya faɗi fenti, ya faɗi taga, ya faɗi labule. Ta bar shi ya gama, ta kai ɗinkin ƙarshen layi, ta yanke zare.

"Auta, na san tsaga nawa ce a silin ɗakin nan. Shekara biyu ina kallonsu. Ba zan iya barci a ciki ba."

"Yaya, ki yafe mini." Hawaye suka zubo masa, bai ko share ba.

"Wannan tuni na yi. Tsoro ne ya sa ka, na sani. Amma ba zan koma ba." Ta nuna wata mata a keke na uku. "Ni da ita mun samu ɗaki nan kusa, ƙarshen wata za mu tare."

Ya ninke takardar ya tura aljihu. Yana so ya ce gidan ba daɗi babu ita, ya ce yaransa na tambayarta kullum, amma ya ga yadda hannunta ke gyara yadi ba ya rawa, sai ya haɗiye.

"To in riƙa zuwa?"

Ta ɗora ƙafa a kan keke.

"Ka zo mana. In ka zo ka ƙwanƙwasa, ni zan buɗe maka."