Dilkar Maman Hephzibah

Malama Scholastica ba ta buƙatar likita ya faɗa mata abin da ke damunta. Mace ce da ta daɗe tana zana mahaifa a allo wa 'yan sakandare a Samaru, ta san sarai abin da ake nufi idan al'adar mai shekara arba'in da takwas ta fara wasan ɓuya, ta leƙo wannan wata, ta yi ɓatan dabo a na gaba. Ga wani zafi da yakan taso mata daga ƙirji zuwa fuska ana tsakiyar darasi, sai ka ga zufa sharkaf kamar wadda ta gama kirɓa sakwara. Fata ta bushe, baƙaƙen tabo sun kafa sansani a kumatu, ƙasan ido kuma ya fara tattarewa.

Duk wannan mai sauƙi ne. Abin da ya tsaya mata a rai shi ne mijinta, Elias. 'Yarsu ɗaya tal, Hephzibah, wadda yanzu take bautar ƙasa a kudu. Tun da aka yaye ta, kowace safiya in sun durƙusa, Elias sai ya rufe addu'a da roƙon Ubangiji ya ba Hephzibah ƙane, har da tuna wa Allah matan da suka haihu da tsufa, sai ka ce Allah ne zai manta. Fiye da shekara ashirin Scholastica tana cewa amin. To yanzu da wane baki za ta ce masa ƙofa tana rufewa? Tausayinsa ya hana ta sakat. Ta yanke cewa ba za ta faɗa ba, kuma ba za ta bar fuskarta ta tona mata asiri ba.

Da mayukan kanti ta fara. Na safe, na yamma, na ƙasan ido, har da wani a 'yar kwalba da ake ɗigawa kamar maganin ciwon kunne. Ta ɓoye su cikin kular da take kai abinci taron Zumuntar Mata. Ɗaya daga ciki, wanda mai shago ta rantse yana maido da mace budurwa, ya sa fuskarta saɓa kamar dafaffen dankali, dole ta ce wa Elias sabon sabulu ne bai karɓe ta ba. Da ta ga abin ba na wasa ba ne, ran Asabar ta ce za ta kasuwa, ta tari keke sai Sabon Gari, gidan Hajiya Safiyatu, ƙawarta tun firamare, wadda ta yi suna wajen gyaran jikin amare.

Safiyatu kuwa baki gare ta. Tana jin abin da ya kawo ta, ta hau tambayar wane ne angon, kuma ko Elias ya san an kusa yi masa ƙwace. 'Yan matan da ke jiran layi suka ƙunshe dariya, nan take suka raɗa mata Anti Amarya. Aka murje ta da dilka, wannan ƙullun da ake dirje fata da shi, aka bi da kurkur har ta koma ruwan ɗorawa. Sannan aka zaunar da ita a kujera mai huda, kaskon turare a ƙasa, aka lulluɓe ta da bargo. Kai, ranar Scholastica ta ga ta kanta! Zafin nan nata da ba ya sallama ya zaɓi daidai lokacin ya taso, ga garwashi, ga bargo. Ta yi wurgi da bargon ta fito tsakar gida da ɗaurin ƙirji tana fifita da murfin tukunya.

Safiyatu ta yi dariya har da riƙe ciki. Da ta lafa, ta kawo mata ruwan randa, ta ce ita ma ta bi ta wannan hanyar bara waccan, har yanzu fanka biyu take kunnawa.

"Sikola, fata dai zan gyara miki, ki riƙa shafa man kaɗanya, ki daina yawo a rana ba lema," in ji ta, da sunan da take kiranta tun firamare. "Amma shekaru ba dauɗa ba ne da zan dirje. Ki faɗa wa bawan Allahn nan."

Scholastica ta ce ita gyara ta zo, ba wa'azi ba.

Gaskiya gyara ya yi kyau. Bayan 'yan Asabar, fatar ta yi laushi, tabon ya dusashe, tana wani sheƙi har matan coci suka fara tambayarta sirrin. Sai dai ƙamshin turaren da ya kama zannuwanta yana tayar mata da zuciya, tana yawan tofar da yawu a bayan gida.

Shi kuwa Elias, ma'aikacin ɗakin karatu ne, aikinsa ke nan lura da abin da ya bar mazauninsa. Ya ga sheƙi, ya ga zufa, ya ga tashin zuciya. Ya kuma lura an kwana biyu ba a ce ya biya kemis ya sayo audugar mata ba. Mutum ya yi shiru, abinci ma sai ya tsakura ya ture. Wata safiya ya kai ƙarshen addu'a bai ambaci ƙanen Hephzibah ba, kashegari ma haka. Gaban Scholastica ya faɗi. Ta ce shi ke nan, ya gane, baƙin ciki ne yake cinsa. Ta ƙara yawan man da take shafawa, don ba ta san abin da za ta yi ba kuma.

Ran Lahadi bayan an taso daga sujada, ya shigo da leda cike da ɗanyen mangwaro da yalo, ya ajiye a gabanta, ya zauna da fuskar mai zuwa ta'aziyya.

"Maman Hephzibah, na gani. Wata nawa ne?"

Ta tambaye shi wata nawa na me. Sai ya shiga bayani, yana kallon ƙasa. Ya ce kyautar Allah ba a raina ta, ya gode. Kawai dai ya duba ya ga kafin yaron ya gama sakandare shi ya haura saba'in, ga gwiwa, ga ritaya tana ƙwanƙwasa ƙofa, amma ba komai, zai nemi gona a Bomo.

Scholastica ta fashe da dariya har ɗankwalinta ya zame. Da ƙyar ta iya magana.

"Babu ciki, Baban Hephzibah. Al'adar ce take tafiya. Ba za a ƙara yi ba."

Ajiyar zuciyar da Elias ya yi, ko na ɗakin maƙwabta sai ya ji. Kafaɗunsa suka sauko, har ya miƙa hannu ya ɗauki yalo ɗaya ya gatsa. Haushi ya kama ta. Ta tambaye shi, to duk durƙuson nan da ya sa ta na shekara da shekaru fa, wasa yake da Allah?

Ya ce shi fa tun Hephzibah tana aji ɗaya a sakandare ya haƙura, ɗiya ɗaya ta ishe shi. Ya ci gaba ne don ya ji tana cewa amin da ƙarfi, yana tsoron ranar da ya daina za ta ɗauka ya fid da rai da ita.

Ta buɗe baki za ta ce ita ma don shi take cewa amin ɗin, maganar ta ƙi fita, domin ba gaskiya ba ce. Sai yanzu ta gane ashe ita ce ba ta haƙura ba. Dariyar ta juye kuka, kuka sosai, irin wanda ba ta yi ba tun rasuwar mahaifiyarta. Elias ya ajiye yalon, ya matso ya riƙe hannunta, duk ya rikice.

"Har suna na ajiye wa ƙanen Hephzibah," ta ce.

"Wane suna?"

"Felix."

Elias ya ƙara damƙe hannunta. Can ya maimaita sunan a hankali, shi ma idonsa ya kawo ruwa.