Yaren Jikar Zubaidatu

Zubaidatu ta fara koyon yaren Lituwaniya tana da shekara hamsin da takwas, wata huɗu bayan rasuwar ɗanta na fari, Zaharadden.

A unguwar Nuzla ta Jidda ta haife shi, bayan ita da marigayi mijinta sun zo umara daga Gusau ba su koma ba. Ya tashi direba. Da kafilinsa, Balaraben da ya tsaya masa, ya rufe kamfani, iƙamarsa ta zaman ƙasar ta mutu, sai ya bi wasu abokai Turai, ya samu aikin tuƙa tirela a Lituwaniya. Can ya auri Daiva, ma'aikaciyar ofishinsu, suka haifi 'ya mace ya raɗa mata Lama. Zubaidatu ba ta taɓa goya yarinyar ba. Ba ta da takardar zama, in ta fita Jidda ta fita ke nan. A waya take ganinta duk Lahadi bayan la'asar, uban yana tsakani yana fassara.

Motarsa ta yi karo cikin ƙanƙara a wata hanya ta Jamus. Ƙanwarsa Sajida, wadda ke karɓar marasa lafiya a wani asibitin kuɗi a Aziziyya, ita ce mai jin Turanci a gidan, don haka ita ta yi ta magana da Daiva a kwanakin.

"An yi masa sutura, Ummi," ta ce. "Musulmin can sun yi masa salla. Halas, sai addu'a."

Daiva ba ta daina kiran Lahadi ba. Amma yanzu babu mai fassara. Lama, 'yar shekara biyar, takan yi surutu kaɗan, ta ga tsohuwa na murmushi kawai, sai ta sulale ta bar wayar tana kallon rufin ɗaki. A Lahadi ta goma sha shida Zubaidatu ta ce wa Sajida ta gaya wa matar yayanta tana son koyon yarensu.

"Ummi, ki bari ta girma mana. Za ta koyi Turanci, ni sai in riƙa fassara miki."

"Kafin ta girma ina ƙasa. Gaya mata."

Daiva ta ɗauki abin da gaske. Ta riƙa turo murya, kalma shida-shida, tana faɗa a hankali. Zubaidatu ba ta yi boko ba, sai ta sayi littafin rubutu tana rubuta abin da kunnenta ya ji da ajami. Da kalmar ci aka fara: valgau, ina ci, valgai, kana ci, valgo, yana ci. Abin ya ɗaure mata kai. A Hausa gaba ake sauyawa, ina, kana, yana, cin ya zauna yadda yake. Su kuwa wutsiyar kalmar suke murɗawa. Ba su raba kana da kina, kuma yana ci, tana ci, suna ci, duk valgo ne.

"Mutanen nan ba sa tsoron rikici," ta ce wa Sajida. "Ta yaya za ka san mutum nawa ke cin abincinka?"

Da ta fara sabawa sai Daiva ta ce mata kalmomin sun kasu gida uku ne, kowane da irin wutsiyarsa. Zama ba ya tafiya kamar ci: gyvenu, gyveni, gyvena. So kuma nasa daban: myliu, myli, myli. Zubaidatu ta rufe littafin kwana biyu. Rana ta uku ta buɗe.

Masa take soyawa da safe a ƙofar gida, leburori da direbobin unguwa suna saye. Tana juya masa a tanda tana maimaitawa ƙasa-ƙasa, har wasu suka ɗauka wuridi take yi suka daina gaishe ta don kada su katse ta. Haƙoranta na gaba biyu sun faɗi, wasu sautukan ba sa fita. Ranar da ta fara gwadawa a waya ta ce "aš valgo", wato ni yana ci. Lama ta tuntsire da dariya, ta matso da fuskarta har hancinta ya cika wayar, ta ce, "Valgau, močiute." Močiutė ita ce kaka. Daga ranar yarinyar ta zama malama, tana jiran Lahadi don ta kama kuskure.

Wata biyar aka yi haka. Ranar da abin ya faru Sajida tana wurin aiki, Daiva kuma tana kicin. Zubaidatu ta shirya tambayarta tun Juma'a.

"Kur tu gyveni?" A ina kike zaune.

Lama ta ɗauki wayar ta shiga zagaya gida tana nunawa. Ga gadonta, a nan take zaune. Ga ɗakin Mama. Ga kwandon kyanwa. Sai ta hau kujera ta ɗaga wayar saitin wata kanta. Akwai hoton Zaharadden da jar rigar kamfani, kusa da shi wata tukunya mai ruwan toka da murfi, girmanta bai kai tulun shayi ba.

"Tėtis gyvena čia," in ji Lama.

Kalma uku, kuma Zubaidatu ta san kowace. Baba yana zaune a nan. Ta ce yarinyar ta maimaita. Lama ta maimaita, ta shafa murfin da yatsa, ta ce masa sannu.

Zubaidatu ta yi shekara ashirin tana taya wankan gawar mata a unguwar. Ta san nauyin mutum in ya mutu. Ta kashe wayar ba sallama, ta zauna a kan darduma har Sajida ta dawo gab da magariba.

"Ina kabarin yayanki?"

Sajida ta tsaya da abaya a hannu.

"Na tambaye ki."

"Ummi, ni ma sai bayan an gama na sani." Ta koma Larabci kamar yadda take yi in ta rikice, sannan ta dawo. "Motar ta kama wuta. Ba a samu abin da za a wanke sosai ba. A Jamus suka tambayi Daiva, ba ta san hukuncinmu ba, ta sa hannu aka ƙona abin da ya rage, aka ba ta tokar. Da na gaya mata ta yi kuka. Me zan ce miki a lokacin? Ko abinci ba kya ci."

"Sallar da kika ce an yi masa fa?"

Sajida ta girgiza kai.

Washegari Zubaidatu ba ta kunna tanda ba. Ta aika aka gaya wa limamin unguwa, aka yi wa Zaharadden sallar ga'ibi bayan azahar, wata tara da mutuwarsa. Liman ya ce abin da ya rage a binne shi a ƙasa.

Ta ƙi yarda Sajida ta yi mata tafinta. Ranar Lahadi ta ce a ba ta Daiva. Ba ta iya cewa ki binne shi ba, ba a kai ga koya mata umarni ba. Abin da ta iya shi ne faɗin halin da take ciki, shi ta tattaro daga littafinta.

"Aš nevalgau. Aš nemiegu." Ba na ci, ba na barci. Ta nuna inda kantar take da haɓa, ta faɗi kalmar ƙasa, sau biyu, sannan ta ce, "Prašau." Ina roƙo.

Daiva ta juya ta dubi tukunyar. Ta yi magana mai tsawo tana share ido, abin da Zubaidatu ta tsinta a ciki kawai shi ne Lama tana magana da shi kullum da safe. A ƙarshe ta ce, "Suprantu." Ina fahimta.

Sai da aka yi wata biyu. Akwai maƙabartar Musulmi a Lituwaniya, Sajida ta nemo ta aika mata da sunan wurin, amma Daiva ta ce ta yi nisa, ba za ta iya kai Lama ziyara ba. Ta binne tukunyar a ƙauyensu, kusa da kabarin mahaifinta. Ta turo hoto: jiƙaƙƙiyar ƙasa, dogayen itatuwa, gicciyen dutse a kabarin da ke gefe. Zubaidatu ta kalla sau ɗaya ta miƙa wa Sajida wayar.

"Ƙasa dai ta Allah ce," ta ce. Ita ce magana mafi tsawo da ta yi wa 'yarta tun ranar.

Lama ta san wanda ya sa aka fitar da babanta daga gida. Lahadi uku a jere uwar na kiranta, Zubaidatu na jin muryarta daga wani ɗaki tana cewa "Nenoriu." Wannan ma ta san shi: ba na so.

A ta huɗu Daiva ba ta kira yarinyar ba. Ta zauna da kofin shayi, ta dubi surukarta, ta fara ba ta labarin wani abu da Zaharadden ya taɓa yi, tana ɗan dariya. Zubaidatu ta ji sunansa, ta ji kalmar mota da ta burodi, sauran ya wuce ta. Ta bar ta ta gama. Sannan ta ɗaga murya ta kira Sajida daga kicin, ta matsa mata wuri a kan darduma.

"Zo ki ce mata ta sake faɗa. Ki gaya mini duka yadda ta faɗa."