Yabon Goggo

Tun kafin a sallamo Auta daga asibiti Yaya ta bi dangi ɗaya bayan ɗaya a waya tana ja musu kunne. Maganar ɗaya ce: duk mai zuwa dubiya ya zo, ya yi sannu, ya yi hirar duniya, amma kada ya ce uffan a kan jikin yarinyar. Ba "kin rame", ba "kin murmure". Wasu suka ce to, wasu suka yi dariya suka ce yau kuma sannu ma sai da izini. Goggo, ƙanwar mahaifinsu, ita ta fi kowa amsawa da ƙarfi: "Haba 'yar nan, ni za ki koya wa zama da mutane?"

Yaya malamar firamare ce, kuma duk makarantar an san muryarta. In ta daka tsawa a ajinta har 'yan ajin da ke kusa sai sun nutsu. Amma muryar nan ba ta tsinana mata komai a gida ba. Ta yi tsawar, ta yi zagin, ta yi lallashin, tana kallo ƙanwarta, budurwa mai shirin shiga jami'a, tana ƙarewa a gabanta. Abin ya fara ne kamar wasa: yau ba ta cin mai, gobe ba ta cin burodi, jibi ta ce ai ta ci a gidan ƙawarta. Umma ta ce tsirfa ce irin ta 'yan matan yanzu, maƙwabta suka ce iska ce. Sai ranar da Auta ta yanke jiki ta faɗi a bakin famfo, likita ya ce zuciyarta ta kusa gajiya da bugawa, sannan kowa ya shiga taitayinsa.

A asibitin ne Yaya ta ji cewa cuta ce sananniya, ciwon tsoron ƙiba, kuma tana kisa. Likitar ƙwaƙwalwa, wata mata mai magana a hankali har tana ba Yaya haushi, ta zaunar da ita ta yi mata bayani.

"Ba taurin kai ba ne. Kamar wata murya ce a cikin kanta da ke ce mata duk lomar da ta haɗiye laifi ce. Yunwa ke ƙara wa muryar ƙarfi, don ƙwaƙwalwar da ba ta samun abinci ba ta tunani daidai. Saboda haka abinci shi ne maganin farko, tana so ko ba ta so. Ki zauna da ita har ta cinye, ba ciniki, ba tsawa. In ta koma tsallake abinci, ki dawo mana da ita mu mayar mata da robar ba da abinci ta hanci."

Yaya ta ga robar nan. Ta ga yadda aka riƙe hannayen Auta aka zura mata ita tana kakari, kuma ta rantse a ranta ba za ta sake gani ba. Shi ya sa kullum da an tashi daga makaranta take zuwa gida kai tsaye, ta ja kujera ta zauna gaban yarinya tana ƙirga haƙurinta, ita da ba a san ta da haƙuri ba.

Ranar Asabar da rana suna kan teburin falo. Shinkafa da wake, dafaffen ƙwai, da kofin madara. Auta tana ta jan shinkafar gefe da cokali tana kasa ta kashi-kashi, amma dai tana ci, har ta kusa rabin faranti. Sai ga sallamar Goggo, da ledar lemo a hannu. Ta zauna ta yi ta gaisuwa, ta tambayi aiki, ta kawo labarin ciwon gwiwarta. Har Yaya ta fara sakin jiki. Can Goggo ta gyara gilashinta ta ƙare wa Auta kallo, fuskarta ta cika da murna, ta miƙa hannu ta kama kumatun yarinyar.

"Kai, masha Allah! Auta, kin yi ƙiba! Dubi kumatu, dubi wuya. Wallahi kin cika fam, kamar ba ke ba!"

Auta ta ajiye cokalin a hankali. Ta miƙe ta shige ɗaki ta turo ƙofa.

Abin da Yaya ta daɗe tana haɗiyewa ya taso mata gaba ɗaya.

"Goggo! Me na gaya miki? Me na gaya miki a waya?"

"Ke, lafiyarki? Me na ce?"

"Na ce kar a taɓa maganar jikinta!"

"Ai cewa kika yi kar a ce ta rame, ban kuwa ce ta rame ba. Yabo na yi. Tun da uwata ta haife ni ban taɓa jin an ce wa wanda ya tashi daga ciwo ya yi ƙiba ya ji haushi ba."

"To yau kin ji! Kin san wahalar da muka sha kafin ta yarda ta kai cokali bakinta? Kin shigo da ledarki kin rushe mana komai da baki ɗaya!"

Umma ta fito daga kicin da gudu tana goge hannu. "Ke, ke! Da goggonki kike magana fa."

"Na san da wa nake magana, Umma. Da a ce bare ne ai da sauƙi."

Goggo ta miƙe tana share ido da bakin mayafi, tana cewa ita dai ba ta zo da sharri ba, Allah ya sani. Ta fita ta bar ledar lemon a kan kujera. Kuma gaskiya ta faɗa, babu mugunta ko ƙwaya ɗaya a cikin matar nan. Kalma mafi daɗi da ta sani ita ta ɗauko ta ba yarinyar da take ƙauna. Wannan ya ƙara tunzura Yaya, don ta rasa wanda za ta kama da laifi ta huce a kansa.

Kafin ta juyo, Umma ta riga ta je bakin ƙofar ɗakin tana ƙwanƙwasawa tana lallashi. "Auta, 'yar albarka, kar ki biye wa goggonki, idonta ne ya fara mutuwa. Wallahi ba ki ƙara komai ba, kina nan yadda kike."

Yaya ta ji rantsuwar nan ta soke ta. Ta kama hannun Umma ta matsar da ita gefe, ta ɗauki farantin da kofin, ta tura ƙofar da ƙafa.

Auta tana tsaye tsakanin gado da bango tana taka ƙasa da sauri, kamar mai tafiyar da ba ta zuwa ko'ina. Ta zagaye damtsenta da yatsu biyu tana gwada ko za su haɗu. Ba su haɗu ba.

"Zauna," in ji Yaya.

"Goggo kaɗai ce mai gaskiya a gidan nan." Idon Auta a bushe yake. "Kun cire madubin ɗakina. Kun yanke lambar girman rigunana, kuna zaton ban gani ba. A asibiti sai an juya mini baya sannan in hau sikeli. Umma kuma tana rantse mini da Allah. Yaya, ki dube ni ki gaya mini. Na yi ƙiba ko ban yi ba?"

Amsar mai sauƙi tana bakin Yaya. In ta ce a'a, yarinya za ta zauna, wataƙila ta ƙara loma biyu. Gobe kuma a sake yin wata ƙaryar, jibi a sake, har ranar da wando zai ƙi shiga, ta gane duk gidan sun haɗa baki sun yaudare ta. Kuma in ta ce a'a, ai ta yarda ke nan cewa ƙibar abin kunya ce da za a ɓoye. Haushi ya ƙume ta, haushin Goggo, haushin Umma, haushin likitar da ke can ofishinta ta bar ta da wannan tambaya, da haushin abin nan da ya shiga kan ƙanwarta ya mayar da shinkafa abokiyar gaba.

"Kin yi," ta ce. "Kin ƙara. Abin da muka je asibiti nema ke nan. Kuma da saura."

Auta ta yi wata ƙara da Yaya ba ta taɓa ji daga bakinta ba. Ta kai wa kofin duka, madarar ta watse a zanen Yaya har ƙasa.

"Na tsane ki! Wallahi na tsane ki! So kike in zama abin dariya!"

Hannun Yaya ya ɗaga da kansa. Ta ji marin yana mata ƙaiƙayi a tafin hannu, ta ji tsawar ta taho har maƙogwaro. Ta dunƙule hannun ta sauke shi. Ta ajiye farantin a kan gado, ta ɗauki kofin daga ƙasa, ta leƙa ƙofa ta miƙa wa Umma da ke laɓe tana kuka.

"Umma, a zubo wata."

Da aka kawo ta ajiye shi kusa da farantin. Ta ja kujerar karatun Auta ta zauna. Da ta yi magana muryarta can ƙasa take, amma duk wanda ya san ta ya san a nan fushinta ya fi zafi.

"Ki tsane ni. Ki zage ni, na ba ki dama. Ni na riƙe kanki a mota ranar da kika faɗi, ina laluben wuyanki ina neman inda yake bugawa. Ba zan sake ba. Wancan da ke miki magana a kai, ki gaya masa ni ce na ce ba zai ƙwace miki abincin ranar yau ba. In kin zubar da wannan ma, akwai wata a firji."

"Ba zan ci ba."

"Ina zaune."

Aka yi ta zaman. Shinkafa ta huce. A waje yara suna ta ihun ƙwallo, wani mai gyaran takalmi ya wuce yana buga akwatinsa. Auta ta zage ta, ta roƙe ta, ta ce rabi kawai, ta ce a cire ƙwan. Yaya ba ta ce komai ba sai "ɗauki cokali". Madara tana bushewa a cinyarta tana danƙo, ba ta motsa ba.

Daga ƙarshe Auta ta zauna a bakin gado ta ja farantin. Tana ci hawaye suna zuba a ciki, tana haɗiye kowace loma kamar tsakuwa. Ta cinye ƙwan. Ta shanye madarar tana runtse ido.

"Ba zan yafe miki ba," ta ce.

"Kar ki yafe."

Yaya ta tattara farantin da kofin ta miƙe, don ta je ta canza zane, ta kuma kira Goggo ko da za ta ƙi ɗauka. Har ta kama hannun ƙofa ta ji an riƙe bakin rigarta ta baya. Auta ba ta ɗago kai ba, maganar ma da ƙyar ta fito.

"Yaya, kar ki fita. In kin fita zan shiga banɗaki in amayar."

Yaya ta tsaya ta kalli yatsun da suka damƙe rigarta. Ta ajiye farantin a ƙasa, ta zauna daɓas ta jingina bayanta da ƙofar.

"To zo nan ki ci gaba da zagina," ta ce. "Ba inda za ni."